Mahaifina tsohon soja ne: ya ƙi zuwa asibiti, fanshonsa kuma ya tsaya

Assalamu alaikum. Ina neman shawara a kan mahaifina, kuma ina roƙon a sakaya sunana. Baba tsohon soja ne, ya yi shekara talatin da 'yan kai yana aiki, ya je Laberiya da Saliyo da Darfur, ya yi ritaya da muƙamin samanja, muka dawo garinmu a jihar Kano. Yana fama da ciwon suga da hawan jini, kuma tun kafin azumin da ya wuce wani gyambo ya fito masa a tafin ƙafa, ya ƙi warkewa, yanzu har ya fara wari. Yana da katin inshorar lafiya na tsofaffin sojoji, amma ya rantse da Allah ba zai sake amfani da shi ba. Dalilinsa shi ne, zuwansa na ƙarshe wani asibiti ya yini a kan benci, wani ma'aikaci da bai wuce sa'an autansa ba ya daka masa tsawa a gaban mutane, daga ƙarshe aka ce babu maganin, ya je ya saya a waje. Ya ce shi ba mabaraci ba ne. Da dare kuma ba ya samun barci, yakan farka a firgice ya jiƙe da gumi yana kiran sunayen abokansa da suka rasu a fagen daga, kuma ranar hawan Sallah idan aka fara harba bindigogi sai ya shige ɗaki ya kulle.

Fanshonsa ya tsaya tun watannin baya. An ce lokacin tantancewa ya wuce yana kwance, kuma sunan da ke takardunsa na soja ya ɗan bambanta da wanda ke banki. Katin cirar kuɗinsa yana hannun yayana, wanda ya kawo wani mutum da ya ce yana da hanya a Abuja. Mutumin ya karɓi kuɗi, ya dawo ya ƙara karɓa, har yau shiru. Ni malamar firamare ce, albashina a kemis yake ƙarewa, maigidana kuma ya fara nuna ya gaji. Baba yana da mata biyu, mahaifiyata ce amarya, kuma sunan uwargida kaɗai ke cikin inshorar, abin ya zama abin gori a gida. Idan na yi magana sai a ce ni mace ce kuma ƙarama. Yaya zan yi?

Daga wata 'yar tsohon soja, jihar Kano.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa ciwon ya zama kaffara, ke kuma ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kike yi. Na ga damuwoyin sun taru sun danne ki lokaci guda har kin rasa wanda za ki fara kamawa. To, ki fara da ƙafar. Fansho zai iya jiran wata guda, maganar kati da ta yayanki ma za su iya jira, amma gyambon mai ciwon suga da ya fara wari ba ya jiran kowa.

Ciwon suga idan ya daɗe a jiki yana lalata jijiyoyin da ke sanar da mutum zafi, sannan yana rage gudun jini zuwa ƙafafu. Shi ya sa mai irin wannan gyambo zai ce miki ai ba ya damunsa, alhali ƙwayoyin cuta suna ci ta ciki, wani lokaci har su kai ga ƙashi. Rashin jin zafin da Baba zai kafa hujja da shi, shi kansa alamar haɗari ce, kuma yawancin ƙafafun da ake yankewa saboda suga da ƙaramin gyambo irin wannan suka fara. Idan kika ga wurin ya yi baƙi, ko kumburi yana hawa zuwa ƙwauri, ko zazzaɓi ya rufe shi, ko ya fara ruɗewa a magana, to a ranar za a kai shi asibiti mafi kusa, da kati ko babu kati, ko da tsakar dare ne. Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan alamu, warin kaɗai ya isa a ce likita ya gani cikin kwana ɗaya ko biyu, domin a wanke ciwon yadda ya kamata, a cire mataccen nama, a auna suga, a duba ko ƙashi ya taɓu. Kafin nan kada a bar wanzami ya sa aska a wurin, kada a gasa da ruwan zafi, kada a barbaɗa garin magani, kuma ya rage taka ƙafar gwargwadon iko. A wajen alwala, malamai sun yi bayanin shafa a kan bandeji ga mai rauni, saboda haka kada tsoron ɓata tsarki ya sa ya riƙa jiƙa ciwon sau biyar a rana.

Na san tambayar da ke bakinki ita ce ta yaya za a fitar da shi daga gida. Kafin in amsa, ina so ki tsaya ki dubi abin da idon Baba. Sojojin Najeriya sun shiga Laberiya a cikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a watan Agustan 1990, daga baya suka wuce Saliyo inda suka mayar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan mulki a 1998, a Darfur kuma an zubar da jini, kamar harin Haskanita na 2007 wanda akasarin waɗanda aka kashe a cikinsa 'yan Najeriya ne. Mutumin da ya ratsa irin waɗannan wurare ya dawo da ransa, wanda ya saba idan ya yi magana kurata su ƙame, sai ga shi yaro yana daka masa tsawa a kan benci. Mutuncinsa aka taɓa, kuma a wurin tsohon samanja mutunci ya fi ƙafa tsada. Saboda haka duk lokacin da kuka ce masa "Baba ka yi haƙuri ka koma," abin da yake ji shi ne kuna roƙonsa ya je ya sake miƙa hannu. Ki sauya maganar. Ki gaya masa cewa katin nan guminsa ne, ladan shekarun da ya bayar ne, babu wanda ya yi masa kyauta da shi, kuma idan ya jefar da shi to wanda ya wulaƙanta shi bai rasa komai ba, shi da iyalinsa ne ke biyan kuɗin kemis.

Rantsuwar ma kada ki raina ta, domin mai yiwuwa ita ce ke riƙe da shi fiye da fushin. Shari'a ta buɗe ƙofa a nan. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya yi rantsuwa a kan wani abu, sannan ya ga waninsa ya fi alheri, to ya aikata abin da ya fi alherin ya yi kaffara, kuma Alƙur'ani a Suratul Ma'ida ya bayyana kaffarar: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu iko ba ya yi azumin kwana uku. Amma kada wannan bayani ya fito daga bakinki. Ki samu limamin unguwarku ko malamin da Baba yake jin nauyinsa, ki ba shi labari a keɓe, ya zo dubiya ya kawo zancen da kansa.

Mutum na biyu da kike buƙata shi ne soja ɗan'uwansa. Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta Najeriya, wadda aka fi ganin mambobinta ranar 15 ga Janairu wajen bikin tunawa da sojojin da suka kwanta dama, tana da rassa a jihohi da ƙananan hukumomi. Ki nemi shugaban reshen yankinku, ko wani abokin aikin Baba da suka yi bariki ɗaya, musamman idan ya girme shi a muƙami. Soja yana jin maganar soja ta yadda ba zai ji ta 'yarsa ba, kuma idan tsohon kyaftin ya ce masa "Samanja, gobe da safe za mu je a duba ƙafar nan," da wuya ya musa. Ban da haka, waɗannan dattawa su ne suka san ofis-ofis, suka san wane jami'i ne ke kula da masu inshorar soja a kowane asibiti, kuma idan suka raka mutum ba kasafai ake barin sa a kan benci ba. A ganina wannan ita ce hanya mafi ƙarfi da kike da ita, kuma ba ta buƙatar ko kwabo sai kuɗin mota.

Game da inshorar kanta, akwai abubuwan da iyalan tsofaffin sojoji da yawa ba su sani ba. Kamfanin DHML, wanda aka kafa domin kula da inshorar lafiyar sojoji da iyalansu da waɗanda suka yi ritaya, shi ne tsani tsakanin Baba da asibiti, kuma yana aiki ne a ƙarƙashin dokokin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka sani da NHIS kafin dokar 2022 ta mayar da ita NHIA. A wannan tsari kowane mai kati yana da asibitin farko da aka rubuta masa, kuma ana biyan asibitin wani kaso a kan kowane mutum da ke rajista a wurinsa, ko ya zo ko bai zo ba. Ke nan Baba bai je can neman alfarma ba, an riga an biya dominsa. Idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin farko, likita ne zai rubuta takardar turawa, a nemo lambar izini daga kamfanin inshora, sannan babban asibiti ya karɓe shi. Wannan lambar ita ce inda mutane suka fi maƙalewa, domin sukan tafi babban asibiti kai tsaye ba tare da ita ba, a ce musu su biya, su dawo suna cewa katin ba ya aiki. Ƙafar Baba tana iya buƙatar likitan tiyata ko na ƙashi, kuma a kusa da ku akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, sannan akwai babban asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna. Ki tambayi ofishin DHML na jiha wanne daga cikinsu za su tura shi, kuma kafin a yi kowane aiki ki nemi a gaya miki dalla-dalla abin da inshora za ta ɗauka da abin da zai hau kanku, domin ba kowane magani da kowane aiki ne ke cikin jerin ba.

Abu mafi muhimmanci ga Baba shi ne, mai kati yana da damar neman a sauya masa asibitin farko. Ba dole ne ya koma inda aka ci masa fuska ba. Ki je ofishin da katinsa da hotonsa, ki tabbatar rajistarsa tana nan daram, ki nemi jerin asibitocin da aka amince da su a kusa da garinku, ki kawo masa ya zaɓa da kansa. Sauyin yakan ɗauki lokaci kafin ya fara aiki, don haka kada a ajiye ƙafar ana jiran takarda. Abin da ya faru da shi kuma ki rubuta shi a taƙaice, da rana da abin da aka ce masa, Baba ya sa hannu da lambarsa ta soja, a kai kwafi ga kamfanin inshora da ofishin NHIA na jiha. Ko ba a hukunta kowa ba, dattijon zai ji cewa an kai ƙara ta hanyar da ya sani, domin soja ya yarda da rahoto a rubuce. Daga yau kuma duk maganin da aka ce babu, ki sa a rubuta miki hakan a jikin takardar likita, ki adana rasit ɗin kemis. Ban yi miki alƙawarin za a mayar da kuɗin ba, amma wanda ba shi da rasit ba shi da bakin magana.

Sai fansho. Tun bayan gyaran dokar da aka yi a 2011 aka cire sojoji daga tsarin fanshon karo-karo da aka kawo a 2004, saboda haka kuɗin Baba ba ya hannun wani kamfanin fansho mai zaman kansa. Hukumar Fanshon Sojoji da ke Dutsen Alhaji a Abuja ita ce ke biya, kuma ita ce ke yin tantancewa lokaci-lokaci domin tabbatar da cewa waɗanda ake biya suna raye. Wanda bai bayyana ba akan dakatar da nasa har sai ya bayyana, kuma a shekarun nan hukumar ta shigo da tantancewa ta waya da intanet, wadda ke dogara da lambar NIN da ta BVN. A nan ne bambancin suna ke zama matsala. Da yawa daga cikin iyayenmu sun shiga soja da sunan garinsu a matsayin sunan mahaifi, ko magatakarda ya rubuta Mamman inda banki ya rubuta Muhammad, ko aka ƙiyasta musu shekarar haihuwa, kuma na'ura ba ta san cewa mutum ɗaya ne ba. Kada ku yi gaggawar gyara komai. A fara tambayar hukumar wane suna ne ke cikin kundinta da kuma wanne take so a daidaita da wanne, domin idan aka gyara na banki ta wata fuska, aka gyara na katin ɗan ƙasa ta wata fuskar, sai a ƙara dagula lamarin. Bayan an samu amsa, gyaran NIN a hukumar katin ɗan ƙasa ta NIMC ake yin sa, na BVN a bankinsa, kuma yawanci za a nemi takardar rantsuwa daga kotu.

Ki tattara takardar sallamarsa daga aiki, da katin shaidarsa na ɗan fansho, da takardar NIN, da bayanin asusunsa, da takardar likita mai nuna cewa yana kwance lokacin da aka yi tantancewar. A yi kwafin kowacce, a ɗauki hotonsu a waya, na asalin kuma kada su bar hannun Baba sai a gaban jami'in da zai duba ya mayar. A rubuta wasiƙa da sunansa ana neman a tantance shi, a dawo da biyansa, a kuma biya shi watannin da suka wuce, a miƙa ta hannun reshen 'yan mazan jiya ko kai tsaye, a karɓi kwafi mai hatimi. Sashe na 173 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a riƙe wa ma'aikacin tarayya fanshonsa ko a tauye shi sai ta hanyar da doka ta yarda, don haka kuɗin watannin da aka tsallake bashi ne da yake bi. Aikin yana iya jan lokaci, kuma za ku sha zirga-zirga, amma tantancewa ba a sayar da ita.

Wannan ya kawo mu ga mai hanya a Abuja. Kada a ƙara ba shi ko sisi, ko da ya ce saura sa hannu ɗaya. Ki bincika a hankali abin da aka riga aka miƙa masa, domin idan ya ga lambar BVN da lambar kati da lambar sirri, ko kuma takardun asali suna hannunsa, to haɗarin ya wuce kuɗin da ya karɓa. A karɓo takardun ta hannun dattawa tun ana shiri, a je banki a sauya kati da lambar sirri. Maganar dawo da kuɗin da ya ci a bar ta sai ƙura ta lafa, idan kuna da shaidar turawa kuna iya kai ƙara wurin 'yan sanda, amma kada ta cinye ƙarfin da ƙafar Baba take buƙata yanzu.

Yayanki kuwa, ban ga inda kika ce ya ci kuɗin Baba ba, kuma ina ba ki shawara kada ki fara da zargi. Mai yiwuwa shi ma damfararsa aka yi, kunya ce ta sa yake kare mutumin, domin babban ɗa ba ya son ƙanwarsa ta ga an yi masa wayo. Mai yiwuwa kuma akwai abin da ba ya so a gani. Takarda ɗaya za ta raba gardama ba tare da kowa ya ɗaga murya ba, ita ce bayanin shige da ficen asusun Baba na shekara biyu ko uku, wanda dama ana buƙatarsa domin wasiƙar fansho, kuma Baba da kansa ne zai nema a banki. A ciki za a ga watan da biya ya tsaya, a kuma ga ko kuɗaɗen ariyas sun shiga, har da SDA, wani alawus na musamman da ake biyan sojan da ya bar aiki, wanda tsofaffin sojoji suka yi ta zaman dirshan a kansa a Abuja kafin gwamnati ta amince da biyansa a 2022. Sauya katin ma kin samu dalilin da ba zai kunyata kowa ba, tunda baƙo ya ga bayanan. Idan sabon kati ya fito, a mayar da saƙon banki kan wayar Baba, a sayi littafi a riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ko wane ne ke riƙe da katin.

Tunda an ce ke mace ce kuma ƙarama, kada ki kira taron gida da kanki. Ki je wurin baffanku ko gwaggonku da ake jin maganarta, ki baje mata rasit ɗin da kika tara, ki roƙe ta ta tara 'ya'yan ɗakunan biyu. A taron a raba aiki: yayanki ya ɗauki zirga-zirgar takardun fansho tare da 'yan mazan jiya, wanda hakan zai bar masa girmansa, ke ki riƙe lissafin magani da ranakun ganin likita, sauran kuma kowa ya faɗi abin da zai riƙa bayarwa duk wata har fansho ya dawo. Jinyar uba wajibi ce a kan 'ya'yansa duka, kuma yin shiru kina biya ke kaɗai ya sa kowa ya ɗauka babu matsala.

Firgitar dare ita ma ciwo ce da likitoci suka sani, tana samun mutanen da suka ga yaƙi ko wani babban tashin hankali, kuma takan ƙara bayyana bayan ritaya, lokacin da aiki ya ƙare, abokan bariki suka watse, mutum ya rage shi da tunaninsa. Mugun mafarki, da gudun ƙarar bindiga, da saurin fushi, da ƙin shiga mutane duk suna cikin alamominta, har ma ina zaton tsawar da yaron nan ya yi masa ta faɗa ne a kan wannan tsohon rauni. Ba hauka ba ce, kuma addu'a da azkar ɗin kwanciya ba sa hana ganin likita. Sai dai akwai wani abu da ya kamata a fara kawarwa. Faɗuwar suga da dare, musamman ga mai yin allurar insulin ko shan wasu ƙwayoyin suga ba tare da cin abincin kirki ba, tana kawo gumi da mugun mafarki da ruɗewa. Idan kuna da na'urar awo a gida, a auna shi a daidai lokacin da ya farka, a rubuta, a nuna wa likita. Idan aka ce masa za a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa zai ƙi, don haka ki shigo da maganar ta ƙofar rashin barci a gaban likitan da ke duba ƙafar, shi zai san yadda zai tura shi. Akwai sashen wannan fanni a asibitin koyarwa na Kano, akwai asibitin Dawanau, akwai na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Kada a saya masa ƙwayar barci a kemis. Iyayenki mata kuma a gaya musu idan ya firgita kada su riƙe shi ko su girgiza shi, su kunna fitila, su kira sunansa daga ɗan nesa, su gaya masa yana gida. Idan kuwa kika taɓa jin yana cewa ya gaji da rayuwa ko gara ya bi abokansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita a ranar.

Gorin da ake yi a kan sunan uwargida bai da tushe. Tsarin inshorar ƙasa ya tanadi mai kati da matar aure ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, fom ɗin gurbi ɗaya ya bayar, kuma bisa al'ada sunan uwargida ake sawa. Ki bayyana wa mahaifiyarki haka cikin lallashi, kada ki ɗauki ɓangare. Gyaran shi ne a yi mata rajista ta daban, ko a hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano, wato KSCHMA, ko a shirin GIFSHIP na hukumar NHIA wanda mutum ke biyan kuɗin shekara, kuma adalci shi ne kuɗin ya fito daga aljihun Baba idan fansho ya dawo, domin ta san mijinta ne ya yi mata.

Maigidanki ma yana da hakki, kuma gajiyarsa ba rashin tausayi ba ce. Abin da ya fi gajiyar da mutum shi ne kashe kuɗin da bai san iyakarsa ba. Ki zaunar da shi, ki gode masa, ki nuna masa shirin da kika yi, ki faɗa masa adadin da za ki riƙa bayarwa duk wata da lokacin da kike sa ran nauyin zai ragu, sannan ki tsaya a kan adadin. Ki nemi ya raka ki ofishin inshora ko wurin shugaban 'yan mazan jiya, domin surukin da aka sa a cikin shawara yakan zama mai taimako, kuma a wasu ofisoshin zuwanku tare zai sa a saurare ki da wuri.

Idan duk an yi wannan Baba ya ce shi dai ba zai taɓa katin ba, to ki tuna a kan kati ya rantse, bai rantse a kan magani ba. A haɗa kuɗi a kai shi babban asibitin gwamnati mafi kusa a biya, ko a roƙi wani likita ko ma'aikacin jinya ya zo gida ya ga ciwon, ya gaya masa gaskiya ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa jinkiri yana iya jawo yanke ƙafa. Muddin yana cikin hayyacinsa ba za a ɗauke shi da ƙarfi ba, amma idan zazzaɓi ko ruɗewa suka shigo, to ku ɗauke shi kawai. Sannan yayin da ake tattara takardu, a duba sunan wanda ya rubuta a matsayin magajinsa a kundin soja, domin da yawa sun rubuta mahaifi ko ɗan'uwa tun suna samari, mutumin ya rasu ba a sauya ba, iyali su sha wahala daga baya. Wannan suna na wanda hukuma za ta tuntuɓa ne, ba ya soke rabon gado na shari'a, kuma gyara shi yanzu da Baba zai iya sa hannu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Idan kin ji abin da ofishin inshora da hukumar fansho suka ce, ki sake rubuto mini mu duba mataki na gaba. Allah ya ba shi lafiya.